Kafin Ka Musanya Gilashin Kyamararka: Jagora Ga Mai Hoton Tafiye-tafiye da Shimfiɗar Ƙasa

Tunanin musanya gilashin kyamara yakan zo wa mutum ta hanya biyu. Ko dai yana tsakiyar hawan dutse, igiyar jaka ta ci masa kafaɗa, ya fara lissafin kayan da ya ɗauko bai ko cire musu murfi ba. Ko kuma ya ga hoton wani ya burge shi, ya leƙa bayanin hoton, ya ga sunan gilashin da ba shi da irinsa. Na farkon dalili ne da za a iya ɗorawa a sikeli. Na biyun sau da yawa kwaɗayi ne, domin abin da ya gyara hoton wancan mutumin shi ne ya yi sammako ya tsaya inda ya dace.

Musanya kuma ba ta zuwa kyauta. Duk lokacin da gilashi ya bar hannunka wani ya shigo, akwai kuɗin da ke zubewa a tsakani, kuma ba ya dawowa ko da ka yi da-na-sani ka sake sayen irin na dā. Saboda haka kada ka fara da kallon abin da ke kasuwa. Ka fara da hotunan da ka riga ka ɗauka.

Mataki na farko: ka tambayi hotunanka

Kowane hoto da kyamarar zamani ta ɗauka yana tafe da bayanin da ake kira EXIF: da wane gilashi aka ɗauka, a milimita nawa (ƙaramar lamba tana ɗauko faɗi, babba tana jawo abin nesa), ƙofar haske a wace lamba take (irin f/2.8 ko f/8, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske), ISO nawa (wato yadda aka ƙara wa kyamara ƙarfin ganin haske). Manhajoji irin su Lightroom da digiKam suna iya ware maka hotuna bisa waɗannan lambobi. A Lightroom, ka shiga Library, ka buɗe Metadata a saman hotunan, ka sa sahu ɗaya ya nuna gilashi, ɗaya milimita, ɗaya ƙofar haske.

Kada ka ƙirga duk abin da ka danna. Ɗauki tafiye-tafiyenka biyu ko uku na baya-bayan nan, a cikinsu ma ka tsaya kan hotunan da ka zaɓa, ka gyara, ka buga ko ka nuna wa mutane. Mutum yakan yi ta dannawa a kan tsuntsu ɗaya da dogon gilashi har lissafi ya nuna kamar shi ne ya fi yi masa aiki, alhali ko ɗaya a ciki bai fito ba.

Idan kana da kyamara fiye da ɗaya, ko kana tunanin sauya kyamara, ka mayar da lambobin ma'auni ɗaya. Sensa ita ce farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa, cikakkiyar kuwa milimita 36 ce a 24, da ita ake kwatance. A sensar APS-C ta Nikon, Sony da Fujifilm ana ninka lambar gilashi sau 1.5, a ta Canon sau 1.6, a Micro Four Thirds sau 2. Wato 16mm a Fujifilm yana ganin abin da 24mm ke gani a cikakkiyar sensa. Duk lambobin da za su biyo baya na cikakkiyar sensa ne.

Yanzu ka duba inda hotunan suka taru. A ce gilashin 24-70 kake amfani da shi, wato mai zuƙowa daga 24 zuwa 70mm, ka ga tulin hotuna a 70 daidai, ka buɗe su ka tarar yawanci ka datse gefe don abin ya ƙara girma. Wannan magana ce a fili: gilashin ya ƙare, idonka bai ƙare ba, kana bukatar mai tsawo. Tulin da ke 24 ya fi wuyar fassara. Wataƙila da gaske faɗi ya yi maka kaɗan, wataƙila kuma hannunka ne ya saba murɗa zobe har ya tsaya. Sai ka buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko akwai ƙafar dutse ko kan bishiya da aka yanke ba da son ranka ba. Idan kuwa kana da 16-35 amma zaɓaɓɓun hotunansa suna tsakanin 24 da 35, to kana ɗauke da gilasai biyu suna aiki ɗaya.

Haka za ka yi wa ƙofar haske. Hotuna nawa ne aka ɗauka a f/2.8? A cikinsu kuma nawa ne za su lalace da a f/4 aka ɗauke su? Tambaya ta biyun ce mai muhimmanci, domin da yawa sukan bar kyamara a 2.8 tun daren jiya, su wuni suna ɗauka a haka da rana tsaka.

Mataki na biyu: hotunan da ba a ɗauka ba

EXIF yana da makanta guda: bai san hoton da ka gani ka kasa ɗauka ba. Wanda bai taɓa mallakar dogon gilashi ba, lissafinsa ba zai taɓa nuna 200mm ba, kuma wannan ba ya nufin ba ya bukata. Don haka ka ɗauki takarda ka rubuta wuraren da ka tsaya, ka ɗaga kyamara, ka sauke ba ka danna ba. Me ya hana? Abin ya yi nisa, ko wurin ya yi ƙunci ba ka da inda za ka ja da baya, ko duhu ya yi, ko gilashin da ya dace yana can ƙasan jaka kafin ka zaro shi gajimare ya rufe rana, ko kuwa ka baro shi a masauki saboda nauyi?

Ka leƙa wayarka ma. Idan kyawawan hotunan tafiyar da waya ka ɗauke su, kyamara tana jaka a bayanka, to ka gano abu biyu: kayanka sun yi maka nauyin fitarwa, kuma faɗin babbar kyamarar waya, wanda yawanci yake kusa da 24 zuwa 26mm, yana wadatar da kai fiye da yadda kake zato.

Abin da ya faru sau ɗaya ba dalilin ciniki ba ne. Abin da ya maimaita kansa a kowace tafiya shi ake nema.

Mataki na uku: ka tabbata gilashin ne mai laifi

Ka faɗi kukanka a jimla ɗaya. "Jakata ta yi nauyi har nakan fasa hawa." "Ba na kai wa ga tsaunukan nesa." "Canje-canje na sa haske na wuce ni." Wanda ya kasa haɗa wannan jimla, ya dakata da maganar musanya.

Kukan da na fi shakka a kansa shi ne "hotunana ba su da kaifi". A hoton shimfiɗar ƙasa ana yawan aiki tsakanin f/8 da f/11, kuma a nan tazarar da ke tsakanin gilashi mai tsada da matsakaici takan tsuke sosai, musamman a tsakiyar hoto. Masu sa hoto dishi-dishi yawanci wasu ne: ƙafa-uku (abin ɗora kyamara) marar ƙarfi da iska ke kaɗawa, danna maɓalli da hannu maimakon sa jinkirin daƙiƙa biyu, fokas da ya sauka a sama ko a ciyawar gabanka, tsuke ƙofa har f/22 inda haske ke bazuwa wajen ratsa ɗan ramin ya tausasa hoton gaba ɗaya. Ga kuma hazo, da zafin da ke sa iska rawa a saman ƙasa da tsakar rana. Babu gilashin da zai ratsa wannan, ko nawa aka saye shi. Ka gwada gilashinka a kan ƙafa-uku da sanyin safiya, a f/8, da jinkirin maɓalli. Idan hoton ya fito tas, ka huta da ciniki, gyaran na hannunka ne.

Mataki na huɗu: ka ɗora a sikeli

Idan nauyi ne kukan, kada ka yi ƙiyasi da ka. Ga misali daga gilasan Canon masu bakin EF (baki shi ne inda gilashi ke haɗuwa da kyamara), waɗanda har yanzu suna hannun mutane da yawa. Masu f/2.8 ɗin nan uku: 16-35 ƙira ta uku gram 790, 24-70 ƙira ta biyu gram 805, 70-200 ƙira ta uku gram 1,480. Jimilla gram 3,075. Takwarorinsu na f/4: 16-35 gram 615, 24-105 ƙira ta biyu gram 795, 70-200 ƙira ta biyu gram 780. Jimilla gram 2,190.

Wanda ya musanya duka ukun ya sauke gram 885. Amma dubi inda sauƙin yake: gram 700 daga dogon gilashin kaɗai ya fito, 175 daga mai faɗin, na tsakiyan kuwa gram 10 kacal. Wato wanda ya ba da 24-70 ya karɓi 24-105 don rage kaya, an gudu ba a tsira ba. Ya samu ƙarin tsawo da na'urar hana rawar hannu, waɗannan riba ce, amma kafaɗarsa ba za ta ji bambanci ba. Ciniki ɗaya a nan ya yi kusan aikin uku.

Ka yi irin wannan lissafi da naka kayan, ka haɗa da abin da ake mantawa. Adafta, mai haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara, tana da nata gram ɗari da 'yan kai. Gilashi mai nauyi yana neman ƙafa-uku mai nauyi da jaka mai girma. Kamfanonin jiragen sama da yawa kilo 7 suke yarda a shiga da shi cikin jirgi, kuma ba wanda yake son tura gilasansa cikin kayan da ake jifa. Kyamara, gilasai uku, batura da kwamfuta sukan cinye wannan kilo bakwai tun ba a sa riga ɗaya ba.

Mataki na biyar: me za ka rasa?

A nan ya kamata ka daɗe. Kowane gilashi da za ka bayar akwai abin da shi kaɗai yake yi maka, kuma sai ya tafi ake tunawa.

Fara da haske. Daga f/2.8 zuwa f/4 rabin haske ne ya tafi. A kan ƙafa-uku, gaban dutsen da ba ya motsi, wannan ba komai ba ne, ka ninka lokacin ɗauka kawai. Da hannu a titi bayan faɗuwar rana, sai ka ninka ISO, daga 1600 zuwa 3200 misali, kuma kyamarorin shekarun nan suna jure hakan. Inda rashin yake ciwo shi ne mutane masu motsi a wuri mai duhu, da kuma taurari. Taurari suna tafiya a sama, ba za ka iya ƙara lokaci yadda ka so ba. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a raba 500 da lambar gilashi, wato daƙiƙa 25 a 20mm, kuma a sensa mai yawan megafiksel ma sai an rage, in ba haka ba taurarin su zama 'yan layuka. Sai dai ko a nan ba lallai ka riƙe babban mai zuƙowa na f/2.8 ba. Ƙaramin gilashi mai lamba ɗaya, kamar 20mm f/1.8 na Sony mai gram 373, yana shigar da haske fiye da ninki biyu na f/2.8. Mai fita taurari dare biyu a shekara ya fi dacewa da irin wannan, ko ma ya yi haya.

Gargaɗi ɗaya: idan 70-200 f/2.8 ɗinka shi ke kawo maka kuɗi a hoton taruka, bukukuwa ko wasanni, kada ka sayar da shi saboda hutu. Ka bar shi a gida ranar tafiya, ka nemi ƙarami na daban.

Sai faɗi. Mutane da yawa sun ɗauka hoton shimfiɗar ƙasa yana nufin gilashi mafi faɗi, don a kwashe komai. Sai a dawo gida a ga tsaunin da ya cika ido ya koma ɗan tudu a can ƙarshen hoto, rabin hoton sama ce fayau, rabi ƙasa ce ba komai. Gilashin 14 ko 16mm yana aiki ne idan akwai abu kusa da ƙafarka da zai riƙe hoton: dutse mai zane, tsagewar busasshiyar ƙasa, ruwa mai gangarowa. Sai ka durƙusa, ka matsa har ka kusa taɓa shi. Idan ba haka kake ɗauka ba, ba za ka yi kewarsa sosai ba. Kuma faɗi yana da madadi: ka juya kyamara a tsaye a 24 ko 35mm, ka kulle haske da fokas, ka ɗauki hotuna huɗu ko biyar kowane yana hawa kan kusan sulusin na kusa da shi, manhaja ta ɗinke su. Dabarar tana kasawa a gaban igiyar ruwa, cikin taron jama'a, cikin ƙuntataccen gini, ko idan akwai abu dab da gilashi. Masu son lunguna da cikin gine-gine su riƙe mai faɗinsu.

A lura da cewa milimita ba darajarsu ɗaya ba. Daga kusurwa zuwa kusurwa, 24mm yana ganin digiri 84, 28mm kuma digiri 75. Milimita huɗu sun ci digiri tara. A can ɗaya ƙarshen, daga 200 zuwa 300mm, milimita ɗari cur, bambancin daga digiri 12 ne zuwa 8. Don haka wanda zai bar gilashin da ya fara daga 24 ya koma mai farawa daga 28 ya gwada tukuna. A cikin gari ana jin wannan rashin fiye da yadda lambar ta nuna.

Tsawo kuwa, a ganina, shi ne abin da masu fara hoton ƙasa suka fi rainawa. Da sassafe a kan tudu, idan hazo ya kwanta a kwari, layukan tsaunuka suna hawa kan juna, na kusa baƙi, na bayansa shuɗi, na can nesa ya kusa narkewa cikin sama. A 24mm wannan duka ɗan siririn zare ne a tsakiyar hoto. A 150 ko 200mm shi ne hoton. Madadin tsawo shi ne datsa, amma yana da tsada. Idan ka ɗauka a 105mm ka datse har ya yi kamar 200mm, abin da ya rage maka ya ɗan haura rubu'in hoton kaɗan: megafiksel 24 ya koma wajen 6.6, megafiksel 45 ya koma wajen 12. Na biyun ya isa a buga matsakaicin hoto. Na farkon na kallon waya ne. Wato yawan megafiksel ɗin kyamararka yana cikin masu yanke hukunci.

To, gilashi ɗaya mai yin komai fa? Nikon Z 24-200 gram 570 ne, Tamron 28-200 na bakin Sony gram 575. Ƙasa da nauyin 24-70 f/2.8 guda ɗaya. Waɗanda aka ƙera a zamanin kyamarori marasa madubi sun fi na dā nesa ba kusa ba, kuma a f/8 da rana ba kowa ne zai bambance su da manya ba. Aibinsu a wani wurin yake: ƙofar tana tsukewa yayin da kake zuƙowa, na Nikon ɗin yakan kai f/6.3, wanda bai kai rabin hasken f/4 ba, kuma kusurwoyi sukan yi laushi a dogon ƙarshe. Ribarsu babba ita ce ba ka buɗe bakin kyamara a cikin ƙura, yayyafi ko iskar bakin teku. Duk wanda ya taɓa zama yana goge ɗigon ƙura ɗaya bayan ɗaya daga sararin sama a hotunan f/11 ya san darajar wannan.

Idan aka ce in zaɓa wa mai yawo da ƙafa, zan ce gilashi ɗaya na tsakiya mai f/4, irin 24-105 ko 24-120, sannan ɗaya tal a gefensa, mai faɗi ko mai tsawo, gwargwadon abin da takardarka ta mataki na biyu ta nuna. Na uku yawanci yawon buɗe ido kawai yake zuwa.

Mataki na shida: ka gwada rashin kafin ka yi shi

Wannan ba ya cin ko sisi. Gilashin da kake son rabuwa da shi, ka sa shi a kabad, ka yi fita uku ko huɗu ba shi. Idan kana tunanin komawa f/4, ka hana kanka buɗe ƙofa fiye da f/4, har da dare. Idan 28mm kake hari, ka manna ɗan tef a zoben zuƙowa don kada ya sauka ƙasa da 28. Duk lokacin da hannunka ya kai ga abin da babu, ka rubuta. A ƙarshe ka duba: sau nawa, kuma hotunan da ka rasa masu daraja ne?

Sabon da kake so kuma, ka yi hayarsa ko ka ara na kwana biyu, ka fita da shi irin fitar da ka saba, da tafiyar ƙafa mai tsawo. Ka ɗora tsoho da sabo a kan ƙafa-uku ɗaya, wuri ɗaya, cikin 'yan mintoci, a lambobin da ka fi amfani da su, a buɗe da kuma f/8. Ka duba kusurwoyi. Ka juya su wajen rana ka ga wanda ya fi zubar da ɗigon haske da wanke launi, domin mai hoton ƙasa kullum yana fuskantar fitowar rana da faɗuwarta. Sannan ka kwatanta su a girman da kake nuna hotunanka. Bambancin da sai an zuƙo hoto ninki biyu a kwamfuta ake ganinsa, ba wanda zai gan shi a bango.

Mataki na bakwai: lissafin gaskiya

Lambobi huɗu za ka rubuta. Abin da dillali zai ba ka yau a hannu. Abin da irin gilashinka yake sayuwa a hannun mutane, wato kuɗin da aka biya da gaske, ba wanda masu talla suke rubutawa ba. Kuɗin wanda kake so. Da kuma abin da za ka yi asara idan bayan wata shida ka ce za ka koma. Dillali dole ya ci riba, don haka tayinsa yana ƙasa, amma kana sayen sauri da kwanciyar hankali, wani lokaci har da garanti a kan abin da ya ba ka. Sayarwa da kanka ta fi kawo kuɗi, ta fi cin lokaci da haɗari. Musanya kai tsaye da wani mai hoto ita ce mafi ƙarancin asara idan an dace, sai dai babu wurin kai kuka.

Ga ƙananan abubuwa masu cin kuɗi a ɓoye. Idan filtocinka na 77mm ne sabon gilashi kuma 82mm, sai sabbi. Idan sabon ne ya fi ƙanƙanta, zoben ƙari mai araha ya wadatar, ko da yake yakan hana hular gilashi zama. Wasu masu faɗi, irin Nikon 14-24 f/2.8 na 2007, gabansu a kumbure yake, filta mai murɗawa ba ta hawa, sai manyan filtoci masu kusurwa huɗu da mariƙinsu. Nikon Z 14-30 f/4 kuwa yana karɓar filta ta 82mm kai tsaye. Ga mai ɗaukar ruwa da gajimare da filta mai rage haske, wannan kaɗai yana iya yanke magana.

Ka kuma dubi gaba. Canon ta fito da bakin EF a 1987, ta kawo RF a 2018. Nikon ta fito da F a 1959, ta kawo Z a 2018. Sabbin gilasai yanzu a sababbin bakunan suke fitowa. Tsofaffin suna aiki ta adafta, amma gilashin RF ko Z ba ya komawa kan DSLR, wato tsofaffin kyamarori masu madubi, kuma adaftar FTZ ba ta juya fokas ɗin tsofaffin gilasan Nikon na AF-D, sai da hannu. Gilashin APS-C a kan cikakkiyar sensa yana sa kyamara ta datse hoto, megafiksel 24 ya koma wajen 10. Idan akwai niyyar sauya kyamara nan kusa, ka yanke wannan tukuna, don kada ka yi asarar musanya sau biyu.

Mataki na takwas: ranar ciniki

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da kyamararka, cikakken batir da ƙaramar tocila, a haɗu da rana a wurin jama'a. Cire murfi biyun, buɗe ƙofar, haska tocila ta baya kana kallo ta gaba a karkace. 'Yar ƙura a ciki ba abin damuwa ba ce, kusan kowane gilashi mai zuƙowa yana da ita, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda za ka gani kamar saƙar gizo-gizo tana tasowa daga gefe, da kuma hazo mai kama da tururi a jikin gilashin ciki. Waɗannan ka bar masa kayansa. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Murɗa zoben zuƙowa da na fokas daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko akwai inda yake cijewa ko ƙarar yashi. Duba bakin da filta ke hawa: lotsawa a nan alama ce ta faɗuwa, ka murɗa filtarka ka gani ko tana shiga. Duba kusoshin baya ko an taɓa kwance su. Ɗora shi a kyamara, ka yi fokas kusa, nesa, kusa, a kowane ƙarshen zuƙowa, ka saurari motar. Kunna na'urar hana rawa ka ga ko hoton ya tsaya cak a dogon ƙarshe. Ɗauki bango ɗaya a f/4, f/8 da f/16 kyamara tana daidaita lokaci da kanta. Idan hasken hotunan ya bambanta sosai, ƙofar tana makalewa.

Gwajin da mai hoton ƙasa bai kamata ya tsallake ba shi ne na karkacewar gilasan ciki. Nemi abu mai nisa mai kaifi, kamar eriya a kan gini. Yi fokas a kansa a tsakiya, ƙofa a buɗe, ka mayar da fokas na hannu don kada ya motsa. Sannan ka ɗauki hotuna huɗu, abin yana kusurwa daban a kowane. Kusurwoyi sun saba yin laushi fiye da tsakiya, amma ya kamata su huɗun su yi kama da juna. Idan ɗaya ta narke sauran suna tsaye, haka gefe ɗaya na kowane tsauni da za ka ɗauka zai kasance, kuma gyaransa aiki ne na ƙwararru. Sabo fil daga kwali ma ana yi masa wannan gwaji.

Ka nemi rasit ko wata shaidar mallaka, ka rubuta lambar jikin gilashin, ku sa hannu a 'yar takarda mai ɗauke da lambobin kayan biyu. Naka kuma ka kai shi a goge, da murfinsa biyu, hularsa da kwalinsa idan yana nan, ka faɗi aibinsa da bakinka kafin a gano.

Kada ka yi musanya ana jibi tafiya. Ka bar makonni a tsakani don ka saba da sabon, kuma idan da matsala ta bayyana tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Gilashi ɗaya ake musanyawa a lokaci guda, a fara da wanda sikeli ko takarda suka fi nunawa, a yi tafiya ɗaya da sabon tsarin kafin a taɓa na biyu. Da ka isa gida ka duba ko kyamarar da gilashin suna da sabuntawar manhaja, ka kuma tabbata manhajar gyaran hotonka ta san sabon gilashin. Da yawa daga cikin ƙananan gilasan zamani an ƙera su ne da nufin manhaja ta miƙe musu lanƙwasa ta haske kusurwoyi, kuma idan tsohuwar manhaja ce a kwamfutarka za ka iya ganin baƙi a kusurwoyin hoton mafi faɗi ka zaci an sayar maka da mai lahani.